Lambobi 6 da ba a faɗa wa kowa

Ƴan uwa manoma da ƴan kasuwa, wannan wata zancen salula za mu yi.

Yau mai albasa a Galmi ko Madawa ba ya jiran direba ya komo kafin ya san kuɗin buhu a Kumasi. Ya ɗauki hoton kaya, ya aika murya ta WhatsApp, ciniki ya faɗa. Madalla. Amma ɓarawo ma ya shigo kasuwar.

Ga dabararsa. Sai ya sa lambarka cikin tasa salula, WhatsApp ya aiko maka saƙo mai lambobi 6. Nan take ya kira ka, wai shi ma'aikacin kamfani ne, ka karanto masa. Kana faɗi, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa. Daga nan ya bi mutanen ƙungiyoyin da kake ciki da sunanka: mota ta lalace a Ƙonni, a turo jika 50. Wa zai ƙi? Kuɗin nasu ne, amma sunan da ya ɓaci naka ne.

Kada ku faɗa wa kowa lambobin nan. Wanda bai iya karatu ba tukuna, ɗansa ya duba masa, ba mai cajin tasha ba.

In abin ya riga ya faru, ka sake sa lambarka cikin WhatsApp. Sabbin lambobi za su zo ga layinka, kana shigar da su ɓarawon ya fita. In ya kulle da lambar sirri tasa, sai ka jira kwana 7. Kafin nan ka kira abokan ciniki ɗaya-ɗaya, su ji daga bakinka.