Gobara a gidajen rawa da na biki: kada mu jira sai ta auku

Kowace shekara in hunturu ya kama, iska ta fara kaɗawa, akan ja kunnen jama'a game da gobara. Ana maganar murhu da rumbu da rumfunan kasuwa, kuma daidai ne a yi. Amma akwai wuraren da ba a cika ambatonsu ba, wataƙila don kunya, alhali kuwa nan ne wuta ta fi saurin kashe mutane da yawa a lokaci ɗaya. Su ne wuraren da ake taruwa da dare: gidajen rawa, mashaya, zaurukan otel da manyan ɗakunan da ake haya domin biki. A kansu muke son mu yi magana yau, da masu su da hukumomin da ke ba su izini.

Bari mu fara da abin da ya faru a Faransa, tun da yawancin dokokinmu na gini daga can suka samo asali. A daren 1 ga Nuwamba 1970, wuta ta tashi a wani gidan rawa mai suna 5-7, kusa da garin Saint-Laurent-du-Pont. Mutum 146 suka mutu, kusan dukansu samari ne da ƴan mata. Gidan sabo ne, bai kai shekara da buɗewa ba. An ƙawata cikinsa da wani irin soson roba mai kama wuta kamar auduga. An kulle ƙofofin gudun tsira don kada wani ya shigo bai biya ba. Ƙofar shiga kuwa ƙarfe ne mai juyawa, wanda ke barin mutum ɗaya-ɗaya ya shiga amma ba ya komawa baya. Ko talho babu a gidan, sai da ɗaya daga cikin masu shi ya shiga mota ya tafi cikin gari neman masu kashe gobara. Kafin su iso, aikin gama ya gama.

Da aka yi bincike sai aka tarar ginin bai dace da zanen da aka ba izini a kansa ba, kuma an buɗe shi ba tare da masu duba lafiyar gini sun zo sun gani ba. Gwamnati ta dakatar da magajin garin, daga baya kotu ta same shi da laifi tare da mai gidan da ya tsira. Bayan wannan masifa da wata gobarar makaranta a birnin Paris a 1973, Faransa ta sake tsara dokokinta na gidajen da ke karɓar jama'a, a 1973 da kuma 1980.

Da a ce duniya ta ɗauki darasi daga nan, da ba mu da abin rubutawa. Amma ku duba abin da ya biyo baya. A Fabrairu 2003, a jihar Rhode Island ta Amurka, mawaƙa suka kunna wasan wuta a gidan rawa na Station, tartsatsi ya kama soson da aka manna a bango don tare ƙara, mutum 100 suka mutu. A Janairu 2013, a garin Santa Maria na Brazil, haka aka yi a gidan rawa na Kiss: wasan wuta, soso a rufi, ƙofa ɗaya tak, kwalbar kashe wuta da ta ƙi aiki, mutum 242 suka halaka, yawancinsu ɗalibai. A Oktoba 2015, a Bukares babban birnin Romaniya, gidan rawa na Colectiv ya ci mutum 64, jama'a suka fito kan titi suna kukan cin hanci, har firaminista Victor Ponta ya yi murabus bayan kwana 5. Nan kusa da mu kuma, a Yawunde ta Kamaru, ranar 23 ga Janairu 2022, ana tsakiyar gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wasan wuta ya kama rufin gidan rawa na Liv's a unguwar Bastos, aƙalla mutum 16 suka rasu.

Ƙasashe daban, shekaru daban, masu arziki da matalauta, amma labarin kusan ɗaya ne. Akwai abin da ke kama wuta a bango ko a rufi. Akwai ɗan tartsatsin da ya tayar da ita. Akwai mutane fiye da abin da ɗakin zai ɗauka, da ƙofar da ba ta isa ba ko aka kulle ta. A bayan waɗannan duka kuma, sau da yawa akwai takardar izini da wani ma'aikaci ya sa ma hannu, ko ya kau da kai ya bari aka buɗe babu ita.

Ya kamata kowa ya san yadda irin wannan wuta ke kisa, domin da yawa suna zaton za su ga harshenta su gudu. Hayaƙi ne ke fara kashewa. Soson roba in yana ƙonewa yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba, wanda shaƙa kaɗan ke sa mutum ya faɗi sumamme. Wutar lantarki takan ɗauke, duhu ya rufe, kowa ya nufi ƙofar da ya shigo ta cikinta, don ita kaɗai ya sani. A gidan Station akwai ƙofofi 4, amma yawancin mutane babbar ƙofar suka nufa, suka faɗi a kan juna har suka toshe ta, kuma cikin minti 6 wuta ta mamaye ginin duka. A gidan Kiss an tarar da gawawwaki da yawa a banɗaki, domin cikin duhu sun ɗauka hanyar fita ce. Ke nan ko motar kashe gobara tana da sauri kamar me, ran waɗanda ke ciki ya dogara ne ga abin da aka tanada tun kafin daren.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ina ruwanmu da masu zuwa gidan rawa, wanda ya kai kansa can shi ya jiyo. Kowa yana da ikon ya ƙi waɗannan wurare, ya kuma hana ƴaƴansa zuwa. Amma hukumar da ta ba gida izini, take karɓar haraji a kansa, ta ɗauki nauyin ran duk wanda ya shiga cikinsa. Ban da masu rawa, akwai masu dafa abinci, da masu shara, da masu gadi, da makaɗa, waɗanda neman abincin iyali ya kai su. Akwai maƙwabta da katangarsu ke haɗe da ta gidan, kuma wuta ba ta tambayar wane ne mai sallah kafin ta tsallaka. Sa'an nan wannan haɗari bai tsaya ga mashaya ba. A Satumba 2023, a garin Hamdaniya kusa da Mosul a ƙasar Iraƙi, ana tsakiyar bikin aure aka kunna wasan wuta a cikin zaure, rufi ya kama, fiye da mutum 100 suka mutu, dangin ango da na amarya. Wane ne a cikinmu ba ya zuwa biki? Wace uwa ce ba ta taɓa shiga irin wannan zaure da goyo a bayanta ba?

Waɗansu kuma za su ce ai ƙaddara ce. Babu mai jayayya da ikon Allah. Amma wanda ya sa kwaɗo a ƙofar gudun tsira don ribar dala ɗari, da hannunsa ya sa shi, kuma shi za a tambaya.

Mu a Nijar ba baƙin gobara ba ne. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka sake buɗe ta. A Afrilu 2021 yara 20 suka mutu a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamban wannan shekara kuma aƙalla yara 25 suka rasu haka a Maraɗi. Duk wanda ya ga hawayen iyayen nan ya san abin da ake nufi da wuri mai kama wuta da ƙofa ɗaya. To, mu zagaya garuruwanmu mu duba da idon gaskiya. Gida nawa ne aka gina domin iyali ɗaya, yau aka mai da shi wurin taron mutum ɗari biyu, ƙofarsa tana nan yadda take? Rumfa nawa ce ta zana ko ta leda da aka ratsa wayoyin lantarki a cikinta, an ɗaure su da tsumma? Wuri nawa ne ake ajiye tukunyar gas da jarkar mai ta injin bada wuta a bakin hanyar fita? Tagogi nawa ne aka toshe da ƙarfe saboda ɓarayi, ba a bar ko ɗaya mai buɗewa ba? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Ra'ayinmu shi ne, babban gyaran yana hannun masu sa hannu. Rubuta doka ba shi da wuya, kowace ƙasa da muka ambata tana da tata a lokacin da wutar ta tashi. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da zai tashi daga ofis, ya je da ƙafarsa, ya tura ƙofa ya ga ko tana buɗewa, ya ɗaga kai ya dubi rufi, in abin bai yi ba ya ce a'a, ko mai gidan ɗan wane ne. Ma'aikacin da ya karɓi goro ya sa hannu a kan ginin da bai gani ba, ya sani cewa ran mutane ya sayar, kuma misalin magajin garin nan na Faransa ya nuna cewa ranar tambaya tana zuwa.

Saboda haka ga abin da muke roƙon magadan gari da gwamnonin jihohi da ma'aikatan kare lafiyar jama'a su yi.

Na farko, a ƙidaya duk wuraren taron dare da zaurukan biki na kowane gari, masu izini da marasa shi, domin ba a duba abin da ba a san da shi ba.

Na biyu, kada a ba kowa izinin buɗewa sai sojojin kashe gobara sun shiga sun duba sun rubuta abin da suka gani. Parmin gini dabam, izinin tara jama'a dabam. Wanda ya sake fasalin gidansa bayan an duba, a sake dubawa.

Na uku, a riƙa komawa aƙalla sau ɗaya a shekara, ba tare da sanarwa ba, kuma da dare lokacin da gidan ya cika. Ƙofar da ke buɗe da hantsi ita ce ake kullewa da tsakar dare.

Na huɗu, a hana kunna wasan wuta kowane iri ne a ƙarƙashin rufi, har da ƴan ƙananan da ake soka ma kwalba ko kek na biki. A hana manna soson katifa a bango da rufi.

Na biyar, a rubuta a bakin ƙofa, da Faransanci da harsunan ƙasa, yawan mutanen da wurin zai ɗauka da ranar da aka duba shi, da sunan ma'aikacin da ya duba. Wanda ya san sunansa na rataye a bango zai yi tunani kafin ya sa hannu.

Masu gidajen za su ce kuɗi ne, kasuwa kuma ba ta da daɗi. Gaskiya ne akwai gyaran da ke da tsada, kuma ya dace a ba su wa'adi mai ma'ana maimakon a rufe kowa rana ɗaya, abin da zai sa su koma ɓoye inda ba mai ganinsu. Amma yawancin abin da ke ceton rai ba ya cin kuɗi mai yawa. Fasa katanga a yi ƙofa ta biyu aikin magini ne na kwana biyu. Juya ƙofa ta riƙa buɗewa waje aikin maƙeri ne na yini ɗaya. Cire kwaɗo kyauta ne. Fitila mai batir a kan kowace ƙofa, da kwalbar kashe wuta mai aiki, da koya ma ma'aikata yadda ake riƙe ta, duka ba su kai cinikin daren Asabar ɗaya ba. Wanda aka ba wa'adi ya ƙi, to a rufe, kuma kada a buɗe don wani babba ya buga waya.

Kai kuma mai karatu, kana da naka rabon aikin. In ka shiga zauren biki ko wani wurin taro, kafin ka zauna ka nemi ƙofa ta biyu da idonka. In za ka yi hayar zaure domin auren ɗiyarka, ka tambayi ƙofofinsa kamar yadda kake tambayar kujeru, ka kuma hana a kunna wasan wuta a ciki. In ka ga hayaƙi ko tartsatsi a rufi, ka fita nan take, kada ka tsaya neman takalmi ko jaka, kada ka tsaya ɗaukar hoto. In hayaƙi ya riga ya cika, ka duƙa ƙasa inda iska ta fi kyau, ka rufe hanci da mayafi ko hula, ka bi bango. In ka fita kada ka koma, ka kira lamba 18. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba, a fada da majalisa da wurin aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayen Saint-Laurent-du-Pont da na Santa Maria da na Yawunde sun sami bincike da jawabin ta'aziyya bayan sun binne ƴaƴansu. Mu muna da damar da su ba su samu ba, wato mu duba ƙofofinmu tun kowa yana da rai. Allah ya kiyaye mu da gobara, ya ba shugabanninmu ƙarfin zuciyar tsayawa a kan doka.