RA'AYINMU: Wa Ya Sa Hannu A Takardar?

A duk lokacin da damina ta kankama a birnin Kano, kuka iri ɗaya ake ji daga unguwanni: ruwa ya shiga gidaje, katanga ta faɗi, hanya ta yanke. A watan Agusta na 2022 ambaliya ta mamaye kasuwar Kantin Kwari, ta lalata atamfofi da shaddoji na kuɗi masu ɗimbin yawa, kuma 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa magudanan ruwa. A 2023 kuma aka rushe gine-gine masu yawa da aka yi a filayen jama'a, har da shagunan Filin Idi. An sha muhawara a kan wanda ya ba da filayen da wanda ya rushe gine-ginen. Amma akwai mutum guda da ba a cika ambatonsa ba, watau jami'in tsara gari wanda ya yanka fulotin, ya duba zanen ginin, ya sa hannu, ko kuwa ya ga ana ɗora bulo ya kau da kai.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kududdufan cikin birni, waɗanda kakanninmu suka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan sama kafin ya gangara Jakara. Talakan da ya sayi fili a kan kududdufin da aka cike da shara ana iya yi masa uzuri. Wanda ya yi shekaru yana karatun tsara birane ba shi da wannan uzuri, domin ya san inda ruwan zai nufa.

Ba rashin tsari ko doka ne ya kawo mu nan ba. Kano ta samu tsarin Trevallion na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Ƙungiyar masu tsara birane ta Nijeriya ta kafu tun 1966. Doka ta 3 ta 1988 ta kafa majalisar yi musu rajista, TOPREC, ta kuma ba da ikon ladabtar da mai laifi a cikinsu, har da soke sunansa. Doka ta 88 ta 1992 ta hana yin gini sai da izinin hukuma. Abin da ya yi ƙaranci shi ne riƙon amana.

Bai dace ba jami'i ya zana wa attajiri gini da yamma a karɓi lada, sa'an nan da safe ya zauna a ofis ya amince da zanen nasa. Bai dace ba ya keɓe wa kansa fuloti da sunan matarsa ko ɗansa, balle ya mayar da filin makaranta ko gefen maƙabarta kantuna ba tare da an ji ta bakin mutanen unguwa ba. Mun san cewa sau da yawa umurni daga sama yake zuwa, kuma ƙin bin sa kan jawo canjin wurin aiki. Duk da haka, ƙwararren ma'aikaci yana da alƙalami. Ya rubuta rashin amincewarsa a cikin fayil, yadda wanda ya matsa zai ɗauki nauyin abin da sunansa.

Saboda haka muna kira ga hukumar tsara birane ta jiha da ta riƙa kafa allo a bakin kowane babban gini, ɗauke da lambar izni da sunan jami'in da ya amince. Idan gini ya rufta, ko ya tare hanyar ruwa, ko aka rushe shi, to, a buɗe fayil ɗinsa a miƙa wa majalisar rajista ta bincika. Gwamnati kuma ta tabbatar wa ma'aikacin da ya ƙi sa hannu bisa hujja cewa ba zai rasa kujerarsa ko ƙarin girmansa ba.