Lafiya Uwar Jiki: Kaya Biyu a Kai Ɗaya



A ranar 11 ga Maris 2020 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Hukumar ta ƙiyasta cewa daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021 cutar ta kashe ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000. A 2022 kuma ta bayyana cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya, a shekarar farko ta annobar.

Cikin ma'aikatan da suka sha wannan wuya akwai waɗanda ba a cika ambato ba, wato masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Tun a 2003 wani masani a Amurka, Ilan Meyer, ya fayyace abubuwa huɗu da ke cin ran masu neman jinsi ɗaya: tsangwama, da zaman ɗar-ɗar na jiranta, da ɓoye sirri kullum, da mutum ya koma yana ƙyamar kansa.

Da annoba ta zo sai kaya suka zama biyu. Wanda ya wuni yana ganin gawa yakan sami sauƙi idan ya amayar da abin da ke cikinsa ga abokin aiki ko ɗan uwa. Mai ɓoye sirri kuwa ba shi da inda zai sauke. Dokar kulle ta raba shi da aminansa, ga kuma tsoron ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin da yake aiki, kada asirinsa ya tonu. Idan zuciyar mai jinya ta gaji, majinyaci ma yana cikin haɗari, domin gajiya takan jawo kuskuren awon magani.

A Mayun 2023 OMS ta ɗage dokar ta-ɓacin korona, amma miki a zuci ba ya bin sanarwa. Saboda haka, iyaye da ƴan uwa, kowane irin ra'ayi kuke da shi, rai abin kiyayewa ne. Idan ma'aikacin lafiya na gidanku ya haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, yana gudun mutane, ku saurare shi ba da tuhuma ba, ku rufa masa asiri. Idan ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita ran nan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai fitowa ta gaba.