Faifan bikin iyayenmu na mutuwa a cikin kwali

Bayan rasuwar kawuna a bara, 'ya'yansa suka sauko da wani kwali da ya daɗe a saman wadirob. A ciki akwai kaset-kaset na bidiyo da faya-fayan CD da suka kai arba'in: bikin aurensa, sunan 'yarsa ta fari, walimar sauka, tarbar Hajiya daga Makka. Muka aro na'ura a maƙwabta muka zauna kallo. Faifai na farko ya yi minti biyar ya tsaya cak. Na biyu ko buɗewa bai yi ba. Autarsa, wadda ba ta taɓa ganin mahaifinta da baƙin gemu ba, ta tashi ta bar ɗakin.

Na tabbata gidaje da dama na da irin wannan kwali, kuma kowa na cewa wata rana zai kai a juye masa a DVD. Ra'ayina shi ne a yi yanzu, kuma kada a ɗauka DVD ne ƙarshen aiki.

Dalilin gaggawar a fili yake. Kaset zare ne mai maganaɗisu, zafi da laima da ƙura duk suna cin sa, damina kuma tana sa shi fumfuna. Na'urar da za ta kunna shi ma ƙarewa take yi, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016. Waɗanda suka rage tsofaffi ne, masu gyaransu kuma sun koma gyaran waya.

Faifan CD ma ba shi da tabbas. Bayanan da ke cikinsa suna dab da gefen da ake rubuta suna, shi ya sa ƙarzanen biro a samansa ya fi na ƙasa illa. Faifan da aka naɗa a shago kuwa, CD ne ko DVD, wani siririn rini ne a cikinsa ke riƙe hoton, rana da zafi kuma suna kashe shi a hankali. Wanda ya juye CD zuwa DVD ya mayar cikin kwali, ya sayi 'yan shekaru ne kawai. Kasuwar faifan ita ma ja da baya take yi: a Fabrairun 2025 kamfanin Sony ya daina yin faifan Blu-ray da ake naɗa a kai, yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma ba su da wurin saka faifai.

To, yaya za a yi? Idan faifan VCD ne, bidiyon yana cikin jakar da ake kira MPEGAV, kuma ana iya kwafe shi kai-tsaye zuwa kwamfuta ba tare da ya rage kyau ba. Juye shi a DVD ba zai ƙara masa haske ba, duk wanda ya ce maka zai ƙara kuɗinka yake so. Kaset kuwa sai an haɗa na'urarsa da kwamfuta, kuma kaset mai awa uku sai ya ci awa uku. DVD guda na ɗaukar gigabait 4.7, wato kusan awa biyu na hoto mai kyau. Idan mai shago ya cusa maka biki huɗu a faifai ɗaya, to ya matse su ne, fuskar Goggo za ta dawo dishi-dishi.

Sannan a yi kwafi uku: ɗaya a DVD, ɗaya a rumbun ajiya na kwamfuta, ɗaya kuma a wani gidan daban, ko a ma'ajiyar intanet irin Google Drive, saboda gobara da ambaliya. Filash da memori ba abin dogaro ba ne su kaɗai, suna ɓata, suna kuma zubar da abin da ke cikinsu idan suka daɗe a ajiye. Wanda aka tura ta WhatsApp an rage masa inganci, kada a ɗauke shi a matsayin na asali. Kaset da faifan asali kuma kada a zubar.

Akwai masu jan ƙafa saboda tsoron sirrin gida ya fita, kuma suna da gaskiya. A bidiyon kamu da wankan amarya akwai iyayenmu mata a cikin gida, ba mayafi, suna nishaɗinsu. Ba wanda ke son ya wayi gari ya gan su a TikTok. Maganin wannan shi ne mutum ya zauna a yi aikin a gabansa, a goge kwafin da ke kwamfutar shagon kafin ya tashi, ko a nemi ɗan gida da ya iya.

Kwalin nan kuma ba tarihin gida kaɗai ke ciki ba. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da Wasila, a kaset aka sayar da fina-finan Hausa a kasuwanni irin Ƙofar Wambai. Ahmad S. Nuhu ya rasu a 2007, Rabilu Musa Ibro a 2014, kuma ba duk abin da suka yi ne ya hau YouTube ba. Wataƙila kwafi mai kyau na wani fim a ɗakin mahaifiyarka yake. A adana shi, amma buga shi don sayarwa haƙƙin masu shi ne.

Daga faya-fayan kawuna, kaɗan muka ceto. A ɗaya daga cikinsu yana tsaye da farin rawani yana yi wa jaririya addu'a, autar tasa kuma ta kalla ya fi sau goma. Sauran sun tafi, da muryoyin mutanen da ba za su sake magana ba. Sauko da naka kwalin a wannan makon.