Ku Bar Wa Marubuciya Mayafinta

Akwai wata magana da ta ishe ni ji daga bakin wasu 'yan uwanmu marubuta, wai duk wadda ta saki labari a Wattpad ko WhatsApp da sunan "Maman Wane" ko "Ummu Wance" matsoraciya ce, ko tana da abin kunya da take ɓoyewa. Ni kam ban yarda ba.

Tun yaushe sakaya suna ya zama laifi a ƙasar Hausa? Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta. Alkunya ke nan, kuma tarbiyya muke ɗaukarta. Sai da ta shiga intanet ta koma ragwantaka?

Masu wannan suka sun manta da abin da muka gani. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano. A 2008 Hukumar Tace Finafinai ta nemi kowane marubuci ya je ya yi rajista. Namiji ya ji a jikinsa, balle matar aure da ke gaban miji da suruka. Ta rubuta labarin kishiya, a ce da kishiyarta take. Ta rubuta na saki, a ce asirin gidanta ta tona. Wata ma a kan littafi ɗaya sai aurenta ya girgiza.

Gaskiya ne Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne da sunanta, mun jinjina mata. Amma ba kowace ce ke da irin wannan ƙarfin hali ba. Ko a Ingila, Mary Ann Evans da sunan namiji, George Eliot, ta yi littattafanta don kada a raina su. Wa ya ce da ita matsoraciya?

Na san akwai masu fakewa da sunan bogi su rubuta batsa, su ci mutuncin mutane. Waɗannan a yi maganinsu. Amma laifin na abin da suka rubuta ne, ba na sunan ba. Ba a hana sa mayafi don ɓarauniya ta yafa.

Ku karanta labari, in ya yi kyau ku yaba, in ya ɓaci ku yi gyara. Ranar da kuka tilasta wa kowa bayyana sunansa na yanka, alƙaluma da yawa za su bushe, kuma masu karatu ne za su yi asara.

Allah Ya sa mu gane. Wassalam.