Ra'ayinmu: Komawa karatun kontabul bayan gemu ya fito

A ƴan shekarun nan, duk wanda ya leƙa azuzuwan karatun dare na makarantun koyon sana'a a Yamai, Maraɗi da Damagaram zai tarar ba samari kaɗai ke zaune bisa bencuna ba. Akwai magidanta, akwai malaman makaranta ƴan kwantaragi da albashi ba ya kai su ƙarshen wata, akwai yaran shago da suka daɗe suna tsare wa maigida kanti, akwai kuma matan aure da ke riƙe da asusun ƙungiyoyin mata. Abin da ya tara su shi ne neman ilimin lissafin kuɗi, wato aikin kontabul, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira akanta. A ganin wannan jarida abu ne mai kyau da ya cancanci goyon baya, to amma akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa wa duk mai niyyar sauya sana'a tun kafin ya zuba kuɗin cefanen iyalinsa cikin rajista.

Da farko dai, buƙatar tana nan. Ƙasarmu na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar birnin Port-Louis ta shekarar 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci. Tsarin lissafinta, SYSCOHADA, wanda aka sabunta a 2017 ya kuma fara aiki ranar 1 ga watan Janairun 2018, ya wajabta wa kowane kamfani ya riƙa rubuta shige da ficen dukiyarsa, ya rufe lissafin shekara ranar 31 ga Disamba, ya kammala bayanan kuɗinsa cikin watanni 4 da ke biye, sannan ya adana littattafai da takardun shaida har shekaru 10. Ƙananan ƴan kasuwa ma ba a bar su ba, sai dai an sauƙaƙa musu: mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai miliyan 60 na Sefa a shekara ba, mai sana'ar hannu da bai kai miliyan 40 ba, da mai aikin hidima da bai kai miliyan 30 ba, duk suna iya bin ƙaramin tsari na rubuta abin da ya shiga aljihu da abin da ya fita. Bugu da ƙari, daga shekarar 2021 ma'aikatar haraji ta DGI ta shigo da rasit mai tabbaci da na'ura ke fitarwa, abin da ya sa ɓoye ciniki ya ƙara wuya. Duk wannan aiki sai da mai yin sa.

A ɗaya gefen kuwa, kowa ya san yadda harka ke gudana a kasuwanninmu. Alhaji na juya miliyoyi tsakanin Maraɗi, Kwatano da Kano, amma lissafin na cikin kansa, ko cikin wani littafi da shi kaɗai ke gane rubutunsa. Ranar da ya je banki neman rance sai a tambaye shi bayanan kuɗin shekarun baya, ya rasa abin nunawa. Ranar da ma'aikatan lanho suka zo sai su yanka masa abin da suka ƙiyasta, tunda ba shi da takardar da zai kare kansa. Ranar da ya kwanta dama kuwa, magada ba su san wa ke bin sa ba, ba su san wa yake bi ba, dukiyar da aka shekara talatin ana tarawa ta watse a gaban alƙali. Abin mamaki shi ne, wannan na faruwa a cikin al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

A nan ne babban mutum ya fi yaro ɗan makaranta. Wanda ya shekara goma a shago ya san yadda kaya ke ɓacewa tsakanin sito da kanta, ya san bashin da ake biya da wanda sai dai a yafe, ya san harshen da ake yi wa maigida magana da shi ba tare da ya ji an raina shi ba. Littafi ba ya koyar da wannan. Ɗan kasuwa kuma ya fi sakin jiki ya buɗe sirrin dukiyarsa ga magidanci mai mutunci a unguwa da ya buɗe wa saurayin da jiya ya fito daga aji. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi suna da gaskiyarsu, sai dai gemu ba ya hana ilimi, musamman ilimin da rabinsa sanin halin mutane ne.

To amma fa a yi hattara da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, aikin hawa-hawa ne. Wanda ke da Bakaloriya ya yi shekaru 2 ya samu takardar BTS ko DUT zai iya riƙe littattafan kanti, makaranta, asibiti ko ƙungiya a matsayin ma'aikaci. Amma buɗe ofishin kai da sa hannu a kan lissafin kamfanonin wasu, wannan hurumin waɗanda ke cikin rajistar hukumar ONECCA ne, wadda doka ta kafa a 2003. Babbar takardar ƙwarewa ta yankin UEMOA, wato DECOFI, sai an wuce matakin DESCOGEF, an yi horon aiki na shekaru 3, sannan a zauna jarrabawar ƙarshe. Mai shekaru 40 ya auna ƙarfinsa da lokacinsa, ya san matakin da ya nufa tun daga farko. Ba abin kunya ba ne mutum ya tsaya a matakin farko in ya iya aikinsa sosai, domin galibin ƴan kasuwarmu mai tsare musu littafi kullum suke nema.

Na biyu, ba kowace makaranta mai allo a bakin titi ke da izinin gwamnati ba. Kafin a biya ko dala, a nemi ganin takardar izini, a tambaya ko ɗalibanta na zama jarrabawar ƙasa, a kuma nemi waɗanda suka gama a ji inda suke aiki. Ga masu tsallakawa Katsina ko Kano karatu, su sani Nijeriya da Gana ba sa cikin OHADA. Ilimin da za su samo yana da amfani, tushen lissafin ɗaya ne, amma jerin asusai da dokokin haraji sun bambanta, kuma in sun dawo dole su sake zama su koyi namu. Wanda ya koyi tsarin OHADA kuwa, aikinsa na ci a Benin, Cadi, Kamaru, Mali da Burkina Faso.

Na uku, kada a saki reshe a kama ganye. Magidanci mai baki bakwai a gida bai kamata ya ajiye aikin da ke ci da shi ba saboda takardar da bai riga ya samu ba. A riƙe aikin rana, a yi karatun dare, a fara gwada hannu a littafin shagon ɗan'uwa ko asusun wata ƙungiya ta unguwa. A kuma koyi kwamfuta tun da wuri, domin yau ofishin da ake lissafi da biro da rula kaɗai ya yi ƙaranci, kuma wanda bai iya Excel ba da wuya a ɗauke shi.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne amana. Kontabul na zaune ne tsakanin maigida da hukuma, kuma wata rana za a ce masa ya buɗe littafi biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na nuna wa ma'aikatan lanho, ko ya taushe harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da aka karɓa daga hannun masu saye. Dokar OHADA ta tanadi hukunci ga shugabannin kamfani da suka gabatar da lissafin ƙarya da gangan, kuma wanda ya taimaka musu da alƙalaminsa ba zai tsira ba. In asiri ya tonu, sau da yawa mai kuɗi na da lauya, ma'aikaci kuwa sa hannunsa ne a kan takarda. Duk wanda ya san ba zai iya cewa a'a ba ranar da aka matsa masa, gara ya nemi wata sana'ar.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun da ke kula da ilimi mai zurfi da koyon sana'a da su riƙa wallafa sunayen makarantun da suka amince da su a kowace shekara, a kuma karanta su da harsunan ƙasa a gidajen rediyo. Jami'o'in gwamnati na Maraɗi, Tawa da Damagaram su duba yiwuwar faɗaɗa karatun dare da na ƙarshen mako ga ma'aikata, kada sai mai halin zuwa Yamai ne zai samu. Majalisar ƴan kasuwa da hukumar ONECCA su haɗa kai su fassara ƙaramin tsarin lissafi da Hausa da Zabarmanci, su kuma buɗe wa manyan ɗalibai ƙofar samun horo a ofisoshin ƙwararru.

Ga alhazanmu kuwa, yaron shagon da ya nemi izinin tashi da wuri domin zuwa karatu, a bar shi ya tafi, in da hali ma a biya masa. Abin da za a kashe a kansa bai kai tarar shekara guda ta ma'aikatar haraji ba, balle asarar da magada kan yi in littafi ya tafi da mai shi. Allah ya sa mu dace.