Sabon Likita Da Darensa Na Farko

A Nijeriya, duk ɗalibin da ya kammala karatun likita sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da hukuma ta amince da shi, kafin Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ba shi cikakkiyar rajista. A cikin wannan shekara yakan zagaya sassa huɗu: sashen cututtukan manya, da na tiyata, da na yara, da kuma na mata da haihuwa. A nan ne yake fara haɗuwa da aikin da ma'aikatan asibiti ke kira "kol", wato bayan an tashi aikin yini, manyan likitoci sun tafi gida, shi ya tsaya ya kwana, duk majinyacin da jikinsa ya rikice shi za a fara nema. Mafi yawan sababbin likitoci suna shiga wannan dare da fargabar kada iliminsu ya gaza. Amma abubuwa biyu ne suka fi ƙarancin ilimi haɗari a daren nan: gajiya, da kunyar neman taimako.

Ita gajiyar dare al'amari ne na halitta. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya da ke aiki kamar agogo, yana zagayowa a kusan kowace awa 24, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, jiki yakan saki sinadarin melatonin, wanda ke shirya mutum domin barci. Zafin jiki yakan sauka zuwa matakinsa mafi ƙasa wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba, kuma a daidai lokacin ne tunani ke yin nauyi. Bugu da ƙari, muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana ta taruwa a ƙwaƙwalwa, yana ƙara masa jin barci. Binciken yadda wannan agogo ke aiki ne ya sa aka ba masana uku na Amurka, wato Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta 2017.

Masana sun auna illar wannan gajiya. A 1997, Drew Dawson da Kathryn Reid na ƙasar Ostareliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hannunsa da idonsa yakan ragu kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wato iyakar da dokar tuƙi ta ƙasar ta yanke. Likitan da ya tashi sallar asuba yakan cika wannan adadi tun wajen ƙarfe 10 na dare, alhali aikin bai ko raba ba. Haka kuma a 2004, wani bincike da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman a birnin Boston ya gano cewa sababbin likitocin da ke yin aikin awa 24 ko fiye a jere sun fi yin manyan kurakurai da kimanin kashi 36 cikin 100, in aka kwatanta da lokacin da aka rage musu awoyi. Abin da ya ƙara wa matsalar muni shi ne, mai gajiya ba ya iya auna gajiyarsa daidai. Yakan ɗauka garau yake.

Ita kuwa kunya, wani labari daga birnin New York ya isa misali. A watan Maris na 1984 aka kwantar da wata yarinya 'yar shekara 18, mai suna Libby Zion, da zazzaɓi da fizge-fizge. Ƙananan likitoci biyu ne suka duba ta, ɗayarsu kuwa tana kula da majinyata da dama a daren. Babban likita ta waya kawai aka yi magana da shi, bai zo ya gan ta ba. Aka yi mata allurar fetidin, alhali tana shan wani maganin ciwon damuwa mai suna fenelzin, magunguna biyu da ba a haɗa su. Da gari ya waye zafin jikinta ya kusa maki 42, ta rasu. Mahaifinta, Sidney Zion, lauya ne kuma ɗan jarida, bai bar maganar ta kwanta ba. Jihar New York ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dokta Bertrand Bell, kuma a 1989 ta kafa dokar da ta taƙaita aikin likita mai koyo zuwa awa 80 a mako. A 2003 aka shimfiɗa irin wannan ƙa'ida a duk faɗin Amurka.

Jama'a sun fi tuna adadin awoyin, amma kwamitin Bell ya ɗora nauyi sosai a kan sa ido, wato a samu ƙwararren likita a cikin asibiti dare da rana. Nan ne darasin yake. Masu sukar rage awoyi suna da hujjarsu: duk lokacin da aka miƙa majinyaci daga hannun wani likita zuwa wani, akwai bayanin da kan salwanta. Wani babban bincike na 2016 a kan masu koyon tiyata a Amurka ma bai ga ƙarin mace-mace ba a asibitocin da aka sassauta ƙa'idar awoyi. Ke nan ƙidayar awoyi ita kaɗai ba ta wadatar. A asibitocin da likitoci suka yi ƙaranci, kamar yadda yake a yawancin jihohin Arewa, rage awoyi abu ne mai wuya, amma amsa kiran ƙaramin likita da dare ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan sabon likita. Ya yi ƙailula da rana in ya samu hali, ya ci abinci mara nauyi, ya riƙe ruwan sha da tocila. Wajen karɓar aiki, ya rubuta sunayen majinyatan da jikinsu ya fi tsanani, ya fara zagaya su tun da farkon dare. Ya san inda ake ajiye iskar oksijin, da hanyar ɗakin gwaji da ma'ajiyar jini, da lambar wanda ke gaba da shi. Ya girmama ma'aikatan jinya, domin sistar da ta yi shekara ashirin a ɗakin haihuwa takan gane alamun jijjiga ko zubar jini tun kafin awo ya nuna. Shayi da kofi da goro suna taimakawa a farkon dare, amma rabin sinadarin kafeyin yana nan a jini bayan kimanin awa 5, don haka shan su gab da asuba yakan hana barcin safe. Gyangyaɗin minti 20 yana da amfani, sai dai wanda aka tasa daga barci mai nauyi yakan yi magagi na ɗan lokaci. Kada ya rubuta adadin magani, musamman na yaro, sai ya wartsake, kuma wani ya sake duba lissafin.

Mafi muhimmanci shi ne ya kira na gaba da shi da wuri. Ya faɗi wane ne majinyacin, me ya kawo shi, me awo ya nuna, me aka riga aka yi, da kuma abin da yake so a yi masa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Faɗan da babban likita zai yi don an tashe shi ƙarfe 3 na dare yakan wuce kafin hantsi, amma majinyacin da aka yi jinkiri a kansa ba lalle ne ya kai hantsin ba. Idan gari ya waye kuma, ya miƙa aiki a rubuce, ya guji tuƙa mota ko babur in idonsa na rufewa, domin bincike na 2005 a Amurka ya nuna haɗarin mota yakan ninka fiye da sau biyu bayan irin wannan dogon aiki.

Sauran nauyin yana kan manya. Babban likitan da ke tsawata wa ƙarami don ya yi tambaya, yana koya masa yin shiru ne, kuma majinyaci ne zai biya kuɗin wannan shiru. Ya kamata kowane asibitin koyarwa ya haɗa sabon likita da wanda ya riga shi a darensa na farko, ya tanadi ɗakin hutawa, ya kuma ba shi hutu washegari.

Malaman sakandare ma suna da hannu a ciki, domin ɗabi'ar tambaya tun daga aji take farawa. Ɗalibin da aka yi wa dariya don ya ce bai gane darasin kimiyya ba, shi ne wanda bayan shekara takwas ko tara zai tsaya a kan gadon majinyaci da tsakar dare yana jin nauyin ɗaga waya. Ɗalibin da ke burin zama likita ko ma'aikacin jinya ko ungozoma, ya fara sabawa da faɗin "ban sani ba" tun yanzu, malaminsa kuma ya yaba masa idan ya faɗa.